Malam Shitu Mai Wanka da Ciwon da Muke Ce wa Basir

Da an idar da sallar asuba, Malam Shitu yakan zauna a kan buzu a ƙofar gidansa da ke Rurum Tsohon Gari, yana jiran wanda zai zo ya ce an yi rashi. Shekara talatin da ɗoriya yana wanke gawar maza, ƙanwarsa Salamatu tana wanke ta mata. Bana ciwon gwiwa ya sa ya ajiye aikin.

Daga nesa muke gaishe shi. In ya zauna a majalisa sai hira ta mutu. In ya ƙura maka ido, tsikar jikinka sai ta tashi. Mu direbobin tashar Rano cewa muke awon likkafani yake yi wa mutum.

Ashe ba mu fahimce shi ba. Mai wanka yakan matsa cikin mamaci a hankali kafin ya zuba ruwa. A nan hannun Malam ya riƙa cin karo da wani ƙulli mai tauri kamar goriba, a cikin mazan da suka rame suka ƙare, aka ce basir ne. Ya tambayi Salamatu, bai kama suna ba, don asirin gawa amana ce. Ta ce takan ji jefi-jefi, amma nata sai dai ta same su fari fat, jini ya ƙare. Ya kai maganar wurin wani likita a Kano, aka ce masa kansar hanji ce. Ta fi kama maza, tana kuma zuwa musu da wuri, a mata kuwa takan ɓuya.

Shekara uku bayan ƙaddamar da Shari'a ya tare ni a kasuwar Rano, ina riƙe da gorar maganin basir.

"Mika'ilu, yaushe ka fara ganin jini a bayan gida?"

Na ji kamar in nutse. "Haba Malam, a kasuwa? Basir ne, wane namiji ne ba shi da shi?"

"Haka su ma suka ce."

"Su wa?"

Ya ƙura wa cikina ido, ya ce in je asibiti likita ya duba ni. Na ce ni dai da girmana ba ƙaton da zan tuɓe wa.

"To," in ji shi a hankali, "in ba ka tuɓe wa likita ba, ni zan tuɓe ka, kuma ranar ba ka da bakin hana ni."

Mako guda ina jin haushinsa, ba na gaishe shi. Tsoro ne ya kai ni asibiti, ba hankali ba. Aka yanke abin tun bai bazu ba.

Malam, kai ne ka zaɓi mu tsane ka da rai a kan ka yi shiru ka jira mu. Waɗanda suka yi maka kunnen ƙashi ka wanke su da hannunka, ba ka taɓa cewa ai ka faɗa ba. Allah ya saka maka da Aljanna, mai rufa asirin bayi.

Maza, jini ba abin ɓoyewa ba ne. Mata, rama da jiri ba kullum aikin gida ba ne. In kun ga ɗan'uwa yana zubewa, ku cire kunya ku tambaye shi kamar yadda aka tambaye ni. Mu huɗu ya tare cikin direbobin tasharmu, ni kaɗai na je asibiti.