Baba Ba Ya Awo Cikin Iska

Jiya ɗiyata ke ba ni labarin wasu masana da ke rufe ma'auninsu cikin tukunyar ƙarfe, su zuƙe iskar ciki kaf, su haɗa masa lantarki, wai don a san ainihin kilo. Na ce mata, "Ai kakanki ya riga su."

Zamanin da kuɗin fetur suka sa kowa gaggawa, Baba ke yi wa wani kamfani awon auduga a ƙofar gidanmu a Ƙanƙara. Daga zaure nake jiyo kukan ƙugiyar sikelinsa. In iska na kaɗa buhu, ba ya duba allurar sikelin.

Wata rana wata tsohuwa ta ɗauko audugarta tun daga Pauwa, noman shekara guda. Ana iska, Baba na jira, sai direban kamfanin ya matsa: "Malam, rubuta kawai! Sai iskar ta yi maka sallama? Gobe ma a canza ka."

Baba ya ce, "A canza goben. Yau dai ni ne."

Ya sa aka kare buhun da tabarma har allura ta tsaya cak. Tsohuwa ta samu kilonta cif. Shi kuwa an karɓe aikin kafin kaka ta zagayo, kuma ban taɓa jin ya yi nadama ba.

Allah Ya nauyaya mizaninsa, mu ma Ya hana mu karkata.