Usur ɗin da na busa a Sabon Birni

Mun tashi da asuba daga Sakkwato, mu uku, jakata cike da katunan darasi. Aikina shi ne nuna wa malamai yadda za su sa wa darasin karanta labarin Turanci da amsa tambayoyi gishiri, yara su daina gyangyaɗi. Ina ji da kaina a wannan fanni, ba na ɓoyewa.

Hanya ramuka ce da shingayen jami'an tsaro, kuɗin mota kuma ya ninka na bara. Gero ya yi tsayi a gefen titi. Ni ina yabawa, direba yana ƙara wuta.

A Isa muka sha fura mai kauri, har cokali yana tsayawa a ciki. Nan na bayyana wa malamai wasana: a manna amsoshi a kusurwoyin aji huɗu, yara su karanta labari, a yi tambaya, a busa usur, kowa ya ruga inda amsar take. Wani dattijon malami ya dubi usur ɗin, ya ɗaga hannu. Na ce lokaci ya ƙure.

Washegari a Sabon Birni aka ba ni ajin wata malama. Yara goma sha ɗaya daga cikin ɗalibanta 'yan gudun hijira ne daga Gatawa. Suka karanta labarin kura da akuya, har da dariya. Na yi tambaya, na busa.

Babu wanda ya nufi amsa. Wasu suka shige ƙarƙashin benci, wasu suka dira ta taga. Wata yarinya ta tsuguna, ta toshe kunnuwa, tana kiran sunan ƙanenta. Kafin in farga iyaye mata sun cika harabar makaranta, wasu ba takalmi.

Malamar ba ta ɗaga murya ba. "Malam, garinsu in anka busa wanga abu, ɓarayi sun shigo. Wata ukku ina bin gidaje kafin iyayen su ba ni ɗiyansu."

Na ba da haƙuri har bakina ya bushe. A hanyar dawowa ban ko kalli gero ba.

Na iso gida lafiya, amma kunya ba ta sake ni ba. Na koyi cewa baƙo tambaya yake fara yi kafin ya koyar, kuma da na bar dattijon nan ya yi magana, minti ɗaya ya isa. Jiya na kira malamar. Iyaye sun janye yaran, ta koma bin gidaje. Cikin goma sha ɗaya, uku sun dawo.