Baitocin da Suka Zo Mini a Akwatuna

Malam Fuseini na Yendi ya rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan labarin ya iske ni a ƙofar gidana a Salaga, da kofin koko a hannuna. Kokon yana nan inda na ajiye shi.

Kuma daga bakin Isaka na Bawku na ji.

Ku yi mini uzuri da na fara da wannan a ranar makoki, amma zuciya ba ta bin jerin da hankali ya tsara mata. Duk bayin Allah da ke da lambata, sai Isaka. Shi ne a bakin gado, shi ya riƙe hannun, shi ya laƙƙana masa kalmar shahada. Tun daga Bawku ya taso ya iso a kan lokaci, ni da nake nan kusa babu wanda ya gaya mini ciwon ya yi tsanani.

Ga waɗanda ba su san tsakaninmu ba: Fuseini malamin makaranta ne, kuma mawaƙi. Ni abokin tahamisinsa ne. Yakan rubuta baiti mai layi biyu ya aiko, ni in ɗora layi uku a kansa, su zama biyar, amo ɗaya, numfashi ɗaya, har mai sauraro ya kasa gane inda Salaga ta ƙare Yendi ta fara. Tun gashinmu yana baƙi muke haka.

Bai taɓa gyara mini waƙa a gaban mutane ba. Idan layina ya yi ɗingishi, sai ya kira ni a waya ya ce, "Yaya, karanta mini na biyun nan da ƙarfi, kunnena ya yi kewar muryarka." Ina karantawa sai in ji gurguwar ƙafar da kaina.

Shi ya koya mini rubuta ajami a kwamfuta. Ya hau mashin ya zo har Salaga, ya sa mini manhajar rubutu, ya haɗa mata wani ɗan ƙari da muke cewa filogin, wanda ke zaunar da wasula da ɗigogi inda malamanmu ke zaunar da su. Ranar da na ga baitina ya fito a allo da rufu'a da imala kowace a mazauninta, sai da na share ido. Ya ce, "Kar ka jiƙa mana kibod, Yaya."

Daga nan muka buɗe gurup a waya, mu masu rubuta ajami da wannan manhaja, daga Salaga da Yendi da Bawku har Kulungugu. A nan Isaka ya shigo rayuwarmu. Ɗan kasuwa ne, yana sayar da kayan waya, yana da saurin hannu da saurin baki.

Shi ya kawo maganar ƙaura.

Ya ce manhajar ta fito da sabon gini mai bit sittin da huɗu, tsohon namu mai talatin da biyu an daina kula da shi. Ya ce sabon ya fi sauri, ba ya sumewa idan fayil ya yi girma. Gurup ya kama da wuta. Wani ya ce ya ƙaura lafiya lau. Wani malami daga Kpandai ya ce shi da ya ƙaura, ɗigogin waƙoƙinsa sun tarwatse kamar an zubar da gero a tsakar gida. Aka ce tsohon filogin ba ya hawa sabon gini, sai an sa sabo. Aka ce to wa zai lamunce mana tsofaffin rubuce-rubucenmu?

Na rubuta doguwar amsa, mai gabatarwa da hujjoji da kammalawa. Na ce duk abin da na rubuta a rayuwata yana cikin tsohon gida, ba zan rushe ɗakin da ba ya yoyo don an ce maƙwabci ya yi bene ba.

Isaka ya amsa da layi ɗaya: "Oga, kwamfuta naka ya tsufa, kai ma ka tsufa. Daga yau sunanka Alhaji Talatin-da-biyu."

Aka cika gurup da hotunan dariya. Sunan ya bi ni har masallacin Juma'a.

Na jira Fuseini ya tsaya mini. Ya rubuta, "Yayana yana da hujja, a bar shi ya zo da ƙafarsa." Amma shi ya ƙaura. Isaka ne ya je Yendi ya ƙaurar da shi.

Har gobe ina ganin tsohon ginin ya fi iya zaunar da ɗigo ukun harafin tsa. Ban janye ba.

Sai dai ga abin da ya biyo baya. Baitin farko da Fuseini ya aiko daga sabon gida, na buɗe shi a kwamfutata, ban ga harafi ko ɗaya ba. Ƙananan akwatuna ne a jere, fanko, layi bayan layi, kamar kaburburan da ba a rubuta wa suna ba.

Da ya ji, sai ya riƙa karanta mini a saƙon murya. Ni in rubuta nawa a takarda, in ɗauki hoto in aika. Kafin in gama wannan zagaye, Isaka ya riga ya buɗe fayil ɗin, ya cusa layukansa uku a ciki, ya mayar gurup. Jama'a na ta "Masha Allah, Yendi da Bawku!"

Yendi da Bawku. Da can Yendi da Salaga ake cewa.

Da waƙar Isaka ba ta da daɗi, da na samu sauƙi. Mutumin da ba ya bambance namiji da mace a zancensa na kasuwa, idan ya zauna ga baiti sai harshensa ya miƙe kamar an yi masa guga. Nakan karanta, in nemi ɗingishi, in rasa, in kife wayar.

Ganinmu na ƙarshe, Fuseini ya je Kpandai sayen doya ya biyo ta wurina. Ya rame, na ɗauka gajiyar hanya ce. Ya sauke mini manyan doya a zaure, muka ci tuwo, muka yi la'asar. Ya ce in kawo kwamfutar. Na ce batirinta ya mutu. Ya dubi fitilar cajin da ke ci a kusurwar ɗaki, ya dube ni, ya yi murmushi.

Da zai hau mashin ya ce, "Yaya, ba gidan nake so ka bari ba. Ni nake so ka biyo. Ranar da ka ƙaura, baitina za ka fara buɗewa."

Na ce, "Sai ka jira."

Ya ce, "Ina jira."

Makon jiya ya saka sabon fayil a gurup. Wannan karon babu saƙon murya. Yanzu na gane numfashin ne babu. Na buɗe, akwatuna. Kowa ya karanta, kowa ya yi kabbara, wani ma ya ce ya yi kuka. Ni kaɗai, abokin tahamisinsa tun ƙuruciya, ban san abin da Fuseini ya faɗa a waƙarsa ta ƙarshe ba.

Da safen nan a waya, Isaka ya ce iyalan suna so a karanta waƙar da tahamisinta ranar addu'a. Ya ce, "Alhaji, bari in karanta maka yanzu."

Na ce a'a. Na ce ba zan ji kalmominsa na ƙarshe da muryarka ba, kuma ba zan leƙa su a allonka ba.

Ya ce, "To ya za mu yi?"

Na ce, "Bayan jana'iza ka ƙaurar da ni."

Na ji yana jan hanci. Can ya ce, "Waƙoƙin naka fa? In ɗigo ya watse kar ka kama ni."

Na ce su watse.

Ya ce, "Kawo shi. Amma in gaya maka gaskiya, na riga na yi wa baiti biyu tahamisi."

Na san za su yi kyau. Abin da ke ci mini rai ke nan.

Ina rubuta wannan a tasha, ina jiran motar da za ta kai ni Yendi kafin la'asar, tsohuwar kwamfutar tana kan cinyata a naɗe cikin sallaya. Na yi layukana uku tun ban ga biyun da za su zauna ƙarƙashinsu ba, abin da mai tahamisi ba ya yi:

Fuseini ka yi gaba, ba ka waiwayo ni ba,
Ka haye gulbin tun ban ɗaure kayana ba,
Ka bar mini zancen da ban buɗe shi ba.

Sauran biyun suna wurin Fuseini, a cikin akwatunan nan. Yau zan je in karɓa.

Ya Allah, ga bawanka Fuseini ya ƙaura zuwa gare ka. Ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi, ka sa littafinsa ya buɗe a hannunsa na dama, kowane harafi a mazauninsa. Ka ba iyalinsa da ɗalibansa haƙuri.

Duk wanda idonsa ya kai nan, ina roƙonsa ya tsaya ya yi masa Fatiha da Ƙulhuwallahu. Ku sa Isaka a ciki, domin ya tsaya inda na so a ce ni na tsaya, Allah ya saka masa da alheri. Wannan layin ya fi kowane baiti wuyar rubutawa.

Ni kuma ku roƙa mini Allah ya sanyaya abin da ke ƙirjina kafin in isa Yendi, don in iya zama kusa da Isaka a kan tabarma ɗaya.

Amin.