Damin irin da uwata ta ba ni

Shekarar da wani ɗan nasara ya gama zamansa a garinmu, kusa da Gangara, ina da goyon fari. Ba soja ba ne, ba mai karɓar haraji ba. Ɗalibi ne, wai malamansa na can Faransa suka turo shi ya koyo hatsin Damargu. Ƙato da gemu, a ce har yanzu yana lakwal, makarantar boko! Mun yi dariya har muka gaji.

Damina biyu yana bina gona da littafi. Ni na nuna masa geron da ke jure fari da wanda tsuntsu ba ya so. "Inna" yake ce mini, alhali ya girme ni.

Ana gobe zai tafi ya zo sallama. Ya ɗaga kai ya ga damin irina rataye a rumfa, ɗan gajeren geron da uwata ta ba ni, mai nuna kafin ruwa ya ɗauke. Duk garin babu mai shi sai ni. Ya ce, "Kai, wannan da kyau!"

Maigidana ya ce, "Naka ne."

To kowa ya san yadda ake yi. Baƙo ya yaba, a ce nasa ne, ya ce a'a, a matsa masa, ya zare zangarniya ɗaya ya yi godiya. Wannan bawan Allah, duk rubutun da yake yi bai rubuta wannan ba. Ya sauke damin gaba ɗaya, ya saɓa a kafaɗa, ya fita.

Na ce, "Malam, bi shi ka karɓo."

"Haba ke kuwa! In yi kyauta in ƙwace? Da wane ido zan dubi mutane?"

"Da idon da za ka dubi gonata baɗi babu iri."

Bai motsa ba. Da safe na goya ɗiyata, na tarar ana ɗaura wa raƙuma kaya a bakin gari. Na riƙe akalar na gaba.

Nasara ya ce, "Inna, lafiya?"

"Ina fa lafiya! Ku a garinku in an ce bismilla, har akushin kuke haɗiyewa? Sauke mini irina!"

Ya yi ja har kunnuwa. Da na bayyana masa yadda ake yi, sai ya zauna bisa yashi ya buɗe littafi yana rubutawa. Na ce, "Yau ka fara karatu, ga shi kuma za ka tafi." Na zare masa zangarniya biyu, don kar a je Faransa a ce ni marowaciya ce. Sauran na ɗora bisa kai na koma gida, da wata 'yar takarda da ya ɗaura a jikin damin.

Takardar nan na adana ta kamar laya, ina zaton yabona ne a ciki. Sai da na yi furfura na shiga karatun manya, na ɗauko ta na haɗa baƙaƙen da kaina. "Gero" ya rubuta, da "Gangara", da wata lamba. Ko "Inna" babu.

Irin dai yana nan. Bana ma shi ya riga nuna a gonar jikokina.