Fitilar Motar Suruki

Yayana da gyaran rediyo ya fara, a wani shago da ba ya ɗaukar mutum biyu sai ɗaya ya tsaya a bakin ƙofa. Da mutane suka daina kawo rediyo, sai ya kwashi mitarsa da ƙarfen dalma ya koma layin makanikai, ya shiga gyaran wutar mota. Yau shekara ashirin da biyu ke nan. A layin ana kiransa Sai-Na-Auna, don ko hayaƙi ka ga yana fita daga motarka ka tambaye shi dalili, amsar da za ka samu ke nan. Yana da 'ya'ya huɗu da tabarau mai ƙafa ɗaya ɗaure da jar waya, kuma bai taɓa mallakar mota ba.

Abin da aka fi saninsa da shi shi ne wata fitila a gaban direba, mai hoton mota da layi biyu a karkace a ƙarƙashinta. Ta na'urar hana santsi ce. In taya ɗaya ta fara juyawa a banza, na'urar kan ɗan matse mata birki da kanta. Mai wannan aikin wani famfo ne a ƙarƙashin bonet, da ɗan moto kamar gwangwanin madara manne a jikinsa. In fitilar ta kama ta ƙi mutuwa, masu gyara da yawa cewa suke a sayo sabon famfo. Wasu kuma sai su manna mata baƙin salatif, magana ta ƙare. Yaya kan faɗa wa irin waɗannan ra'ayinsa a gaban jama'a, ba ya ragewa.

Wata ranar Talata surukinsa ya kawo mota. Tsohon malamin makaranta ne da ya yi ritaya, motarsa ta shekara goma sha ɗaya a hannunsa, ba ta taɓa wuce gudun arba'in ba. Yaya ya durƙusa ya gaishe shi a cikin baƙin mai, sannan ya leƙa gaban direba. Salatif ne a kan fitilar, an yanke shi da almakashi, kusurwa huɗu daidai. Bai tambayi wanda ya manna ba. Ya ɓare shi a hankali, ya miƙa wa tsohon da hannu biyu.

Kwamfutar gwajin da ya jona wa motar ta nuna moton famfo ba ya tashi. Yaya bai yarda da ita haka kawai ba. Ya auna fis, ya bi wayar da ke ɗaure a jikin ƙarfen mota ya kankare tsatsarta, ya shiga ƙarƙashi ya duba wayoyin tayoyin nan huɗu ɗaya bayan ɗaya. Duk lafiya. Sai ya jawo wuta kai tsaye daga batir ya ba moton. Shiru. Ya ƙwanƙwasa shi da bayan sukurdireba, moton ya yi tari sau ɗaya ya sake kwanciya. Da ya buɗe shi a kan tebur, ya tarar 'yan gawayin nan biyu da ke kai masa wuta sun maƙale a gidajensu, ƙura da laima sun riƙe su. Ya wanke, ya goge, ya sa sababbi.

Duk tsawon lokacin tsohon na zaune a benci, makulli a hannu. Ya tambayi abin da ya kashe moton.

"Baba, zama ne ya yi masa yawa," in ji Yaya.

Tsohon ya daɗe yana kallonsa. Yaya ya samu wani noti ya shiga ɗaurewa.

Saura gwaji. Na'urar ba ta nuna kanta sai a wuri mai santsi, kuma a bayan wurin wankin mota akwai fili da ruwan sabulu ba ya bushewa. Yaya ya nemi makulli. Tsohon ya ba shi, amma ya zagaya ya shiga gaba ya zauna, ya ce ba a taɓa tuƙa motarsa ba shi a ciki ba. Yaya, idonsa a kan sitiyari, ya yi bayani cewa dole ya taka totur da ƙarfi, sannan ya taka birki da ƙarfin da ya fi wannan. Tsohon ya ce ya yi aikinsa.

Ya taka. Taya ta zame, fitilar ta ƙifta, moton ya yi gurnani a ƙarƙashin bonet, motar ta miƙe. Da ya danna birki, ya ji yana rawa a tafin ƙafarsa yadda ake so. Hular tsohon ta tashi ta faɗo a cinyar Yaya. Ba wanda ya kalli wani. Yaya ya ɗauke ta ya miƙa, yana jiran abin da zai biyo baya.

Tsohon ya karkaɗe hular, ya mayar, ya gyara zama.

"Sake yi."

Sau huɗu suka yi. A na biyar tsohon ya ce su canza wuri, shi zai tuƙa.

Tun daga nan masu wankin mota suka san tsohon. Duk ranar da aka yi ruwa sai ya zo ya zagaya filin, wai don kada moton ya sake zama. Bayan wata biyu surukuwar Yaya ta aiko 'yarta, matar Yaya, da saƙo, cewa duk abin da aka yi wa motar nan a mayar da shi yadda yake. Yaya ya saurara har ƙarshe. Ya ce a gaida Inna, a faɗa mata na'urar lafiyarta ƙalau, direba kuwa ba fanninsa ba ne.