Neman Shafin Inna, Daga Funtua Zuwa Malumfashi

Funtua, ƙarfe biyar da rabi na asuba

Ana sallame salla na zari takalmina na yi hanyar kasuwa, ko gida ban koma ba. Littafina nake nema, kuma hankalina a tashe yake.

Ni dai Allah ya jarrabe ni da son alƙalami da takarda. Shekara talatin na yi ina koyarwa a firamare, abin da na tara bai wuce akwati biyu na littattafan rubutu da alƙaluma irin waɗanda ake ɗura wa tawada ba. Abokaina Malam Biro suke ce mini don tsokana, sun san sarai na tsani biro. A cikin littattafan akwai wani mai baƙin bango, takardarsa mai kauri, tawada ba ta ratsa ta. Shekara guda kafin Inna ta rasu ta same ni ina shafa shi, ta ce in ba ta ta gwada. Rubutun allo kawai ta iya. Ta danna alƙalamina kamar na kara har bakinsa ya lanƙwashe, ta ɗiga tawada, ta rubuta Bismillah, a ƙasa ta ƙara layi ɗaya: Allah ya yi wa Isiyaku albarka. Ni ne ɗanta na fari, tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba, "wancan" take ce mini. Amma a ranar, wallahi, haushin bakin alƙalamina kawai nake ji.

Da damina ɗakina ya yi yoyo, sai na yi dabara na cusa littafin a tsakiyar buhun tsofaffin takardun jarrabawa na ɗora a saman kabad. Na manta. Kwana huɗu da suka wuce maiɗakina, Hajiya, ta yi ƙorafin ɓeraye, ni da bakina na ce a kai wa Alhaji Sale buhun, mutumin da ke sayen tsofaffin takardu yana rarraba wa masu tsire da ƙosai. Sai jiya da magariba abin ya faɗo mini a rai.

Na tarar da Alhaji Sale yana buɗe shago.

"Malam, lafiya da sassafen nan?"

"Ina fa lafiya, Alhaji! Buhun da aka kawo daga gidana, mai ɗaurin jan ƙyalle, yana nan?"

"Ayya. Shekaranjiya ya tafi Danja, wurin Garba mai tsire."

Na tare keke napep zuwa tasha.

Funtua zuwa Danja

Bas ɗin ya ƙi cika. Har bakwai da kwata muna zaune, ɗan kamasho yana ta cewa saura mutum biyu. Da na ga abin ba na ƙare ba ne, na biya kuɗin kujerun biyu na ce mu tafi don Allah.

Kaka ce, masara a shanye gefen titi, auduga ta fara farfashewa a gonaki, amma ni ba wannan ne a gabana ba. Wani magidanci kusa da ni ya kwance ƙosai a takarda. Na ƙura masa ido har ya miƙo mini ya ce bismillah.

"Na gode, takardar kawai nake son gani."

Ya dube ni sama da ƙasa, ya juye ƙosan a tafin hannu ya ba ni. Lissafin 'yan aji huɗu ne, ba nawa ba. Daga nan har muka sauka bai ƙara yi mini magana ba.

Kafin Bakori akwai shingen jami'an tsaro. Ɗaya ya leƙo ya ga alƙaluma huɗu jere a aljihuna.

"Baba, ɗan jarida ne kai? Ara mini ɗaya in rubuta lambar mota."

Na zaro biron da nake yawo da shi musamman saboda masu aro na miƙa masa. Ba mai taɓa mini sauran ukun, ko da kaki ne a jikinsa. Minti goma muka ɓata a wurin, ni kuwa kowane minti ina ganin ana yage shafi guda.

Danja, tara saura kwata

Na samu Garba a mahauta yana zaɓen nama. Da na yi masa bayani bai yi gardama ba, ya kai ni rumfarsa ya zazzage abin da ya rage. Ga takardun ɗalibaina nan da jar tawadata a kansu. Na durƙusa na bi su ɗaya bayan ɗaya, sau biyu. Babu littafi.

"Wai mai baƙin bango?" in ji Garba. "Ai ya yi wa tsire ƙanƙanta. Na haɗa da rabin buhun na aika wa Madam Rose, mai ƙosai a bakin tashar Malumfashi. Ita irinsa take so, mai kauri, mai ba ya ratsa shi."

Kai jama'a! Kaurin takardar da nake alfahari da shi, shi ne ya kai ta bakin kasko. Kuma ƙosai da safe ake sayar da shi, ga rana har ta ɗaga. Garba ya ce in tsaya in sha koko, na ce sauri nake yi.

Danja zuwa Malumfashi

Babu motar da ta shirya tashi, sai ɗan acaɓa na hau zuwa Dabai. Ina ta ce masa ya ƙara wuta, yana cewa, "Baba, in na kayar da kai 'ya'yanka ba za su bar ni ba." A Dabai na samu ƙaramar mota ta sha lodin rake har saman rufi, muka cusu mu huɗu a baya. Direban nan ba wanda bai sani ba a hanyar. A Kafur ya tsaya gaisawa da surukinsa, ya tsaya sauke rake, ya sake tsayawa zuba wa mota ruwa. Na yi masa magana, ya ce, "Malam, asibiti za ka ne?" In na ce takarda ɗaya nake bi, duk motar dariya za su yi mini, sai na shiga salati a zuci.

Malumfashi, sha ɗaya da minti goma

Ba a sha wahalar nuna mini Madam Rose ba. Iyayenta daga kudu suka zo, ita a garin aka haife ta, Hausarta ta fi tawa fita. Na same ta tana kwashe kaskon ƙarshe, tana fifita wuta da wani baƙin abu. Na matsa kusa. Bangon littafina ne, babu ko shafi ɗaya a cikinsa.

Ban san lokacin da na zauna a bencin masu sayen ƙosai ba.

"Baba, lafiya? In kawo ruwa?"

Na nuna bangon. Na ce nawa ne, akwai rubutun mahaifiyata a ciki, kuma ta rasu.

Ta ajiye matsami, ta dafe ƙirji. "Wayyo, Baba! Tun jiya nake naɗi da shi, ɗazun nan ya ƙare." Sai kuma ta ce, "Tsaya. Da boko ta rubuta ko da Larabci?"

"Da ajami. Akwai Bismillah a sama."

Ta sunkuya ƙarƙashin tebur ta jawo wani tsohon gwangwanin madara. "Ni ba na iya karanta shi, amma na san kamarsa. Tun ina yarinya mamata ta hana ni naɗe abinci da takarda mai irin wannan rubutu, ta ce na maƙwabtanmu ne, sunan Allah ne a ciki. A nan nake tarawa, duk Juma'a in aika wa limamin masallacin tasha. Gobe ma za a kai."

Na shiga ɗaga takardun. Ta bakwai ce. Ga ɗigon tawadar nan, ga inda bakin alƙalami ya karce takarda, ko ɗigon mai babu.

"Me ta rubuta?"

Na karanta mata.

"Wane ne Isiyaku?"

"Ni ne," na ce. Na yi kuka a bakin tasha, da furfurata da komai, ban ji kunyar kowa ba.

Da na natsu na zaro alƙalamina mafi kyau na miƙa mata. Ta juya shi ta yi dariya. "Wannan sai ku, Baba. Ba ni biron can, shi zai yi mini aiki." Ta naɗe mini ƙosai a wata takardar jarrabawa mai jar tawadata, na cinye tas, don tun jiya ban sa komai a bakina ba.

Komawa gida

Bayan azahar na hau bas ta babban titi, shafin yana cikin bangonsa, bangon yana cikin rigata. Uku da rabi na yi sallama a gida. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Alhaji Sale da Garba, na gode wa Madam Rose, na kuma gode wa mahaifiyarta da ban taɓa gani ba.

Hajiya ta tare ni a tsakar gida, na miƙa mata shafin. Shekara talatin da biyar muna tare, ita ma ba ta taɓa kama sunana ba. Ta goge hannu a zane ta karɓa, ta fara karantawa a hankali. Ta yi Bismillah, ta ce, "Allah ya yi wa..." sai ta tsaya. Ta ɗago ta dube ni, idonta ya ciko.

"Allah ya yi wa wancan albarka," ta ce.

Na ce amin.