Cokalin Malam Ubale

Duk wanda ya san Gumel a da ya san rumfar Malam Ubale mai hatimi. Da hantsi zai share gabanta, ya jera reza da tawada, sannan ya zaro ɗan cokali daga aljihu ya ɗauraye. Baƙo kan tsaya yana mamakin abin da ya haɗa mai sassaƙa hatimi da cokali.

Lokacin da matan Gagarawa da Sule Tankarkar suka koyi dafa mangwaro da zoɓo su yi jam na shafa wa burodi, wurinsa suke kai kwalabe ya buga musu takardar da za a liƙa. In ya buga "zalla", to mangwaro ne ko zoɓo da sukari kawai. "Gauraye" na nufin an ƙara wani abu. "Ba sukari" kuwa, ko ƙwaya babu. Amma ba ya taɓa hatimi sai ya ɗanɗana.

Tayyiba, shugabar matan a yanzu, ba ta manta ranar da ta fara kai masa nata ba. Ya lasa, ya dube ta, ya ce, "'Yata, mangwaron nan naki a gonar kabewa ya kwana ne?" Ta sunkuyar da kai. Ya buga mata "gauraye", kuma ta sayar da shi kaf a Maigatari. Har daga Nijar masu ciwon sukari kan zo neman kwalba mai hatiminsa, don da ita hankalinsu yake kwanciya.

Bara shi ma ciwon ya kama shi, likita ya raba shi da zaƙi. Mata suka roƙe shi ya riƙa bugawa haka nan, tunda ya san hannun kowa. Ya ce, "Abin da harshena bai shaida ba, hannuna ba zai rantse a kai ba." Ya rufe rumfar. Har yau wucewa ta wurin na sosa mana rai.

Kwanan baya Tayyiba ta kai masa kwalba har gida, ta ce, "Baba, wannan taka ce, ban sa sukari ba." Ya zaro cokalin, ya lasa, ya yamutsa fuska. "Ba daɗi, 'yata. Amma ba ƙarya. Miƙo min hatimin."

Malam, kai ne ka sa kalma a jikin kwalba ta zama alkawari. Mun gode, Allah ya ƙara lafiya. Ku kuma masu buga takardu da na'ura, kafin ku rubuta "zalla", ku nemi cokali.